Goron da Mma Lariba ta mayar mini

Zuwa ga yayana, Seidu mai keke,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama irin wadda ƙani yake yi wa na gaba da shi, ina gaishe ka a makwancinka, da fatan Allah Ya sa ni'ima ce ta lulluɓe ka. Ƙaninka ne Awudu, daga rumfar gyaran keke da ka bar mini a bakin kasuwar Salaga. Iyalinka suna lafiya. Matarka Memuna ta samu sauƙin ƙafarta, doya ta yi kyau bana, rumfa kuma tana nan ba ta faɗi ba. Labari mai daɗi ke nan, ya ƙare.

Na san ba a kai wa mamaci takarda. Zan sa wannan a shafin da 'yan tserenmu suke taruwa a waya, kowa ya leƙa ya karanta, har da ɗanka Rashid. Su karanta mana, ai da su a ciki. Amma da kai nake magana, don kai ka kafa abin nan, kuma an aiko ni wurinka da saƙo, na yi wata guda ina yawo da shi a baki.

Yaya, tseren kekenka na kwana uku yana mutuwa a hannuna. Irin mutuwar da yake yi ce take tayar mini da zuciya. Da a ce rana ɗaya aka tashi aka ce an daina, da na yi kuka na share hawaye. To, ruɓewa yake yi muna kallo, ana ɗaukar hoto ana dariya.

Bari in faɗi yadda ka fara shi, saboda masu leƙen nan da yawansu ba su sani ba, ko sun sani sun yi kamar ba su sani ba.

Lokacin da kekunan hawa dutse suka fara shigowa daga Kumasi, masu kaurin taya da giya, na hannu ne amma da ƙwarinsu, samari suna sayensu don zuwa sayen koko da ƙosai. Ka tsaya a bakin rumfa kana kallon wani yana wucewa da guda, ka ce, "Awudu, an wulaƙanta keken nan." Daga nan ka tuna mana kakanmu, wanda ya yi fataucin goro da jakuna daga nan Gwanja ya nufi arewa, ya sauka Yendi, ya sauka Nalerigu, ya gangara dutsen Nakpanduri, ya shiga Bawku. Ka ce hanyar tana nan, gidajen da suka sauke shi suna nan, ƙafafu ne kawai suka yi ƙaranci.

Dokokinka ba su da yawa. Inda duk akwai hanyar ƙafa, ba a bin kwalta. Inda kakanni suka sauka, nan ake sauka, a ci abin da aka ba mutum, a kwanta a tabarmar da aka shimfiɗa. Motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zai bi mu da ruwa da jakunkuna da tayoyi, amma ba ya ɗaukar mutum sai an ga jini. In ka gaji ka sauka ka tura kekenka, wannan ba laifi. Sai babbar dokar: kowa zai ɗauki goro guda ɗaya daga kasuwar Salaga, a naɗe a ganye, ya riƙe shi a jikinsa, ya yayyafa masa ruwa safe da yamma kamar yadda fatake suke yi, ya kai shi hannun Mma Lariba a zangon Bawku.

Mma Lariba 'yar mai masaukin kakanmu ce. Tana yarinya ta ga ayarin ƙarshe na jakuna a ƙofar gidansu, ita take kai wa fatake ruwa. Ranar da ka fara zuwa mata da maganar, ka dawo kana ba ni labari kana dariya. Wai ta ce, "Shekara nawa ba a kawo wa gidan nan goro da ƙafa ba. Ku zo, tukunyar ubana ba ta fashe ba."

Ka tuna yadda take karɓarmu. Tana zaune a tabarma a bakin zaure, idonta tun lokacin ya fara tafiya, yanzu kam ya tafi gaba ɗaya. Mutum ya jingine keke, ya durƙusa, ya miƙa mata goro. Ba ta fara taɓa goron ba, hannun take kamawa. Duk wanda ya sauko dutsen Nakpanduri ta hanyar ƙafa, yana matse birki a kan duwatsu, sannan ya sha kwazazzabai har Bawku, yatsunsa ƙagewa suke yi, ba sa miƙewa sai washegari. Sai ta riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya tana dariya, ta ce, "Dutse ya gaishe ni." Sannan ta buɗe ganye. In ya bushe, mai shi ya shiga uku da tsiya: "Kai da ba ka iya riƙon goro ɗaya ba, wa zai ba ka 'yarsa?" Wanda ya fara isowa, nasa take fara fasawa ta ci, a ba shi zabo mai rai ya koma da shi gida. Kyautar ke nan gaba ɗaya. Zabo.

Kuma a kan zabon nan na ga ƙatti suna kuka.

Ka tuna shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa, rafin da ke gaban Bimbila ya kawo har ƙirji. Muka ɗora kekuna a ka muka shiga. Kai ka rasa inda za ka sa goronka, ka cusa shi a hula ka ciji hular da haƙori, kana ƙetarewa kana gurnani. Mun kai tsallake muna dariya har wani ya saki kekensa, sai da muka bi shi da gudu a bakin ruwa.

Ka tuna tsakar gidan Alhaji Mumuni a Yendi. Kekuna a jingine tun daga zaure har bakin rijiya, tabarmi ba sa isa sai an aro a maƙwabta. Matan gidan tun hantsi suke kan murhu, tuwo da miyar ayoyo, ga sakwara ga wanda cikinsa bai san ƙoshi ba. Kafin magariba kowa ya fito da goronsa a jere a bakin rijiya, ana yayyafi, ana leƙen na juna ana tsiya. Alhaji yana zagayawa da sandarsa yana cewa haka ya ga ubansa yana yi wa baƙinsa.

Ka tuna shekarar da sarƙarka ta tsinke sau biyu, ka shigo Bawku na ƙarshe, kana tura keke, rana ta kusa faɗuwa. Mma ta hana a taɓa kwanonka. Ta ce na farko ya ci zabo, na ƙarshe ya ci ƙafar kaza daga hannunta.

To, Yaya, yanzu ka toshe hanci.

Ba zan yi zalunci ba. Akwai shekarun da Bawku ba ta shiguwa saboda rikici, hankali ba a kwance ba, muka dakata, kuma ban zargi kowa ba. Rai ya fi tsere. Amma da hanya ta samu, Mma ta sa aka kira ni a waya ta ce gida yana nan, na yi shela, wa ya zo? Gidan da tabarmi ba sa isa, sai ga mu goma sha ɗaya. Shekarar da ta biyo, takwas. Bana mu bakwai muka tashi, har da ni, mai furfura a gemu.

Kada ka ce kekuna ne suka ƙare. Wallahi kekunan da ke Salaga da Yendi yau, kai ba ka taɓa hawa irinsu ba. Ni nake gyara su, na sani. A kawo maka keke mara nauyi, ka ɗaga shi da yatsa biyu, ka duba tayar ka ga ko ƙaya ba ta taɓa sani ba. Mai shi ya fi wanke shi a kan hawansa. Ga hular kwano, ga tabarau mai launi, ga wani matsattsen wando da ko gaban matarka ba za ka tsaya da shi ba. Ya hau ya je gidan mai ya dawo, an yi bidiyo, an sa waƙa. Shi ke nan, ya zama ɗan tsere. Tir!

Abin da suke so yanzu shi ne tseren safiya ɗaya. A kewaye gari sau kaza, lasifika tana ihu, a raba riguna, kafin azahar kowa ya yi wanka yana duba wayarsa ya ga mutum nawa suka yaba masa. Na je na kalla a Yendi. Jama'a maƙil, ban hana ba. Amma na tsaya ina tambayar kaina, ina suka je? Daga inda suka tashi nan suka dawo. Ba wanda ya shiga gidan wani, ba wanda ya ci tuwon wani, ba tsohuwar da ta jira su.

Kafin tafiyar bana sun zo rumfa su huɗu, Rashid a gaba. Ya girma, Yaya, kafaɗunka ne sak, har yadda yake tsayawa da ƙafa ɗaya a kan feda. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Baba Awudu, kwana uku ya yi yawa. Mutane suna da aiki." Wani daga bayansa ya ce daji ba netwok. Wani ya ce, "Massa, duk wahalan nan don zabo kawai?" Na huɗun ya ce goro ai abin tsofaffi ne, a bar shi, a yi kofi na ƙarfe a rubuta suna. Sifana tana hannuna. Allah ne Ya riƙe hannun, ba ni ba.

Na san Rashid yana da gaskiyarsa. Aikinsa a Tamale yake, samun hutun kwana uku sai ya yi roƙo. Ban ce ƙarya yake ba. Amma bikin abokinsa a Kumasi kwana huɗu ya yi, na ga hotunan a nan shafin. A ƙarshe ya ce zai je bana saboda sunanka. Na ji daɗi har na sayo goron da kaina, na zaɓi manya farare, na naɗe wa kowa nasa.

Mun tashi da sassafe bayan asuba. Fuseini ne a kan motokin, mutumin kirki, shekara da shekaru yana bin mu. Ni a baya kamar kullum, don wanda tayarsa ta yi faci ya same ni. Ba mu kai Bimbila ba biyu suka juya. Ɗaya wai cinyarsa, ɗaya wai an kira shi a gida. Da na biyun zai juya ya miƙa wa Fuseini goronsa ya ce ya ci. A gabana Fuseini ya ɓare ganyen ya jefa a baki.

Mu biyar muka shiga Yendi. Alhaji Mumuni ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi yake fitowa, amma ya sa an yi girki irin na da. Ban gaya masa adadinmu ba, kunya ta hana ni, wannan laifina ne. Muka zauna mu biyar a gaban kwanukan da za su ciyar da layi guda. Alhaji yana ta waiwayar ƙofa yana cewa, "Sauran suna baya ko?" Matan gidan suka riƙa fita da tuwo zuwa maƙwabta, ba wadda ta kalle ni.

Sannan biyu daga cikin samarin suka wanke hannu suka ce su a gidan baƙi za su kwana, akwai fanka, akwai wurin cajin waya. A gaban dattijon da ya shimfiɗa musu tabarmar da ubanninsu suka kwanta a kai! Ni kaɗai na je bakin rijiya da gorona. Na leƙa motokin neman famfon keke, sai ga goron mutum biyu a cikin leda, an danne da tayoyi, ganyen ya dahu ya yi baƙi.

Rana ta biyu ita ce doguwa, Yendi zuwa Nalerigu. Sun yi mini nisa tun hantsi, na ce madalla, jini ya motsa. Gwiwata ta dama ta fara magana, na ƙyale ta. Bayan Gushegu akwai wurin nan mai yashi, ka san shi. Na sunkuya ina tafiya, sai idona ya faɗa ƙasa. Yaya, shekara talatin ina gyaran taya, na san sawun kowace taya da na sa da hannuna. Babu sawun keke ko ɗaya a yashin nan. Sawu uku ne kawai, na motokin, kuma sun nutse sosai, irin na abin da ya ɗauki nauyi.

Na tsaya a wurin ni kaɗai na tofar da yawu.

Da na isa Nalerigu da la'asar sakaliya, na same su sun yi wanka, suna shan lemo, suna kallon bidiyon kansu. Ashe dabarar ita ce, in an kusa gari a sauke kekuna, a watsa ruwa a fuska da riga, a shiga da gudu ana ɗauka. In an fita gari a mayar da kekuna mota. Na gan shi da idona a wannan shafin, an rubuta wai an ci daji da ƙarfin ƙafa, mutane suna ta sa hannu suna cewa Allah Ya ƙara ƙarfi.

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ban bar kowa ba, har Fuseini, wanda ya ce shi an ce masa ya tsaya ne ya tsaya. Na kira su abin da ba zan rubuta a wasiƙar da ke ɗauke da sunanka ba. Sauran suna murmushi suna kallon gefe. Rashid ne kaɗai ya sunkuyar da kai, da na gama ya ce a hankali, "Baba, wa zai sani?"

Da a nan labarin ya tsaya, da na rubuta maka shi tun ranar da na dawo, da zafinsa, ina jin kaina wani abu. Saura rana ta uku, kuma ita ce ta sa na yi wata guda ban iya buɗe baki ba.

Na tashi gwiwa ta kumbura, ta yi kamar ƙullin fura. Na ɗaure ta da tsumma na hau. A hankali na kai Nakpanduri, wurin da hanya take rabuwa, kwalta ta yi nata wajen, hanyar ƙafa ta faɗa kan dutse. Motokin yana tsaye a inuwa, kekuna huɗu a ɗaure, su huɗu a zaune. Yanzu ko ɓoyewa ba sa yi.

Na wuce su ban kalle su ba, na tsaya a bakin gangaren. A nan kake tsayar da mu kowace shekara ka ce, "Duba birkinka, yi bismilla, kada ka kalli ƙasa." Na duba birki. Na yi bismilla. Sai na kalli ƙasa.

Ba kowa a gabana, Yaya. Ba kowa a bayana. Da can in mutum ya faɗi, kafin ya gama salati hannu biyar sun ɗaga shi. Na ga duwatsun, na ji gwiwar, na ce in na kife a nan sai dai masu kiwo su tsince ni. Fushin da ya ɗauko ni tun daga Yendi na neme shi na rasa. Abin da ya zo mini a rai shi ne, wai don wa? Sai na ji muryar Fuseini a bayana: "Massa, hau mana. Ƙafanka ya kumbura."

Babu jini. Ina so ka ji wannan da kyau, don na san dokarka. Ko ƙwarzane babu a jikina. Kuma dokarka ta ba ni hanya, in sauka in tura keken a ƙafa, ko zan kai yamma. Na sani sarai. Da hannuna na ɗaga keken na ɗora a kan nasu.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi. Rashid ya matsa ya ba ni wuri, na zauna kusa da ɗanka a bayan motokin, gorona a aljihun ƙirji, muka gangara dutsen ta kwalta kamar buhunan masara.

Da aka kusa Bawku aka tsaya, aka sauke kekuna. Na sauke nawa. Wani ya miƙo mini gorar ruwa don in jiƙa riga, ban karɓa ba, kuma wai a raina ina ganin wannan ya bambanta ni da su. Muka shiga gari, mutane suna tafi. Bidiyon yana nan a shafin nan, ku masu karatu kun gani. Ni ne a gaba, an rubuta "tsohon ƙarfe". Wasunku sun yi mini addu'a a ƙasansa. Ku janye addu'arku ku kai inda ta dace.

Waɗanda goronsu ya lalace suka ratsa kasuwa suka sayi sabo, har da ganyensa. Muka isa zango. Mma tana bakin zaure a tabarmarta, ta rame, an sa mata sabon mayafi saboda mu. Ƙamshin miya ya cika layin, ga zabo a ɗaure a gindin bishiya.

Suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ta kama hannun kowa, ta ɗan riƙe, ta karɓi goron ta ajiye a faranti a gefe, ta ce, "Sannu da zuwa." Ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ba tsiya, ba dariya. Da ta zo kan Rashid ta shafa kafaɗarsa ta ce, "Wannan na Seidu ne," ta ajiye nasa tare da sauran.

Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Ina Awudu? Kawo mini hannun gida."

Gorona ba shi da aibi, Yaya. Safe da yamma na yayyafa masa ruwa, ganyensa shar, da ɗumin jikina a kansa. Na durƙusa ina gaya wa kaina kwana biyu da rabi ai na yi su da ƙafata. Ta kama hannuna da hannayenta biyu, fuskarta ta fara sakin dariyar nan, ta sa yatsa za ta ɓamɓare nawa. Sai suka buɗe da kansu, lafiya lau, kamar hannun mai karɓar sadaka.

Ta daɗe tana riƙe da shi. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta sake bi, kamar tana neman inda ta yi kuskure. Na ga dariyar tana barin fuskarta. Sannan ta mayar da yatsuna a kan goron, ta dunƙule mini hannun da kanta, ta tura shi zuwa ƙirjina. Ta ce, "Mayar da shi Salaga. Na mota yana kasuwa, in ina so zan aika."

Na yaran ta karɓa ta ajiye. Nawa ne kaɗai ta mayar.

Ta sa aka kawo tuwo, aka yanka zabon aka zuba mana duka, tana tambayar Memuna, tana tambayar ko an gyara hanyar Bimbila. Na ci don kada in ƙara mata wani, kowace loma kamar ƙasa. Da za mu tafi washegari na je sallama, ta riƙe bakin rigata ta ce, "In ka je ziyara, ka gaya wa yayanka da bakinka. Ni ba zan kai masa wannan ba."

Sau biyu na je maƙabarta. Na yi maka addu'a, na cire ciyawa, na buɗe baki, na dawo da maganata. Shi ya sa na zauna na rubuta, a inda kowa zai gani, don kada in sake samun wurin ɓuya. Ga saƙon, na isar: ƙaninka ya hau mota a kan dutse ba tare da jini ba, ya kai wa Mma goron ƙarya.

Har yanzu ina jin ƙyamar abin da yaran nan suka yi, ban janye ko kalma ɗaya ba. Masu wanke keke, masu jiƙa riga, masu barin tabarmar dattijo su bi fanka, Allah Ya shirye su. Amma su ba su ga Alhaji Mumuni da ƙarfinsa yana zagaya rijiya ba. Ba su ƙetare rafi da kai ba. Ni na gani, na ci zabon gidan Mma sau biyu da gumina, kuma na zauna a bayan motokin. In na tuna, har yau sai in ajiye abin da nake ci.

Goron yana nan a rumfa, a kan katakon da kake ajiye rediyonka. Na daina yi masa yayyafi, ya bushe ya ƙanƙance. Ban jefar ba, ban kuma ci ba. In mai keke ya tambaya, sai in ce ajiya ce.

Shekaranjiya jikar Mma ta kira ni. Ta ce Mma ta daina fitowa zaure, abinci sai an lallashe ta, amma ta tambaya ko an ji wani motsi daga Salaga. Ka ga ba ni da wata shekarar da zan jira.

Gwiwar ta sace. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan sayi goro ɗaya in naɗe. Ba tsere ba ne, ba zabo, ba motokin, na riga na gaya wa Fuseini ya huta. In kwana uku bai isa ba in yi biyar. Zan sauka gidan Alhaji Mumuni, wannan karon zan gaya masa mutum ɗaya ne, a dafa daidai cikina. In na kai bakin dutse ƙafa ta ƙi, zan sauka in riƙe birki in tura, taku ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa.

Ban gayyaci kowa ba, kuma ba na son bidiyo. Kekenka dai yana rataye a inda ka bar shi. Na sauke shi jiya na sa masa sabon birki da mai a sarƙa, na mayar. Ban ce wa kowa komai ba, hannuna ne kawai ya ƙi zama.

Yaya, na yi kewarka. Na yi kewar bayanka a gabana a kan hanya, rigar nan mai ruwan ƙasa da gishirin gumi ya zana. Duk shekarun nan ina tsammanin ni jarumi ne a kan dutse, ashe ganinka a gaba ne yake sauko da ni. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi fiye da filin da muke hangowa daga saman Nakpanduri. Allah Ya jiƙan kakanmu da duk waɗanda suka sauke shi suka ba shi ruwa. Allah Ya ba Alhaji Mumuni lafiya, Ya shiryi Rashid da abokansa, Ya shirye ni kafin su. Ya Allah, Ka ara wa Mma Lariba kwanaki, ko kaɗan ne, har in durƙusa a gabanta da hannun da sai ta ɓamɓare. Amin.

Wassalam.

Ƙaninka da ya hau motokin,
Awudu
Rumfar keke, bakin kasuwa, Salaga